Tankunan Kawu da ƙwayoyin cuta masu iyo: littafin aikina

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Ranar Alhamis Malam, mai duba aikina a jami'a, ya amince da taken aikina na shekarar ƙarshe, bayan ya mayar da ni sau biyu. Tambayar ita ce ko motsin bakteriya, iyon da take yi cikin ruwa ko jan cikin da take yi a kan abu, yana da hannu wajen sa wa kifi cuta. Wurin aikin bayan gidan Kawuna ne a Ɗorayi. Yana da tankunan roba uku masu cin lita dubu-dubu, yana kiwon tarwada yana sayar wa masu gashi da 'yan kasuwar Galadima. Bara da zafi ya shigo ya yi asarar kusan rabin zubi guda: wasu kifayen suka fito da jan gyambo a ciki, wasu fatarsu ta yi fari a gadon baya. Shi ya sa da na roƙe shi bai ja da ni ba. Cewa kawai ya yi, "Dakta, ka duba abin da za ka duba, amma kada ka kashe mini ko ɗaya." Tun ina aji ɗaya a jami'a yake kirana Dakta, har na gaji da gyara masa.

Mako uku ke nan da zuba sabbin 'ya'yan kifi, 200 a kowane tanki. Zafin ruwa da safe digiri 20. Hunturu bai sake mu ba, kifin ma a kasalance yake cin abinci.

Kuɗin da ya fita: ma'aunin zafi N3,500, safar hannu da auduga N4,000, farantan shuka bakteriya guda 40 N12,000.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na ɗebi ruwa daga tankunan uku, na goga auduga a fatar kifi biyar masu lafiya, na shuka. Adaidaita sahu zuwa da dawowa N800.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Yau na sha kunya, gara in rubuta ta yadda take. Na ɗauki ɗigo daga abin da ya tsiro, na rataya shi a gilashi, na sa ido a maikiroskof. Sai ga ƙwayoyi suna ta rawa, kowacce tana karkarwa. Na rubuta "masu motsi" a samfur shida a jere, har ina jin aikin ya kusa ƙarewa. Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji, wanda kowa ke kira Baba, ya leƙa sau ɗaya ya ɗago. Ya ce, "Yaro, wannan ina ta je?" Na ce tana motsi mana, Baba. Ya ce, "Na ga tana rawa. Na ce ina ta je?"

Babu inda ta je. Duk ƙaramin abu da ke cikin ruwa haka yake karkarwa, ko da matacce ne, saboda ƙwayoyin ruwan da ke bugunsa ta ko'ina. Robert Brown ya bayyana wannan tun 1827, mun kuma karanta shi a aji biyu, amma a takarda. Baba ya ɗauko mini wata bakteriya, Staphylococcus, da ake ajiyewa don koyarwa, wadda ba ta da wutsiya sam, ita ma tana wannan rawar. Ya canza gilashi ya sa wata mai wutsiya, E. coli. Nan na ga bambancin da idona: ƙwaya ta taso daga gefe guda ta ratsa fili a miƙe, ta tsaya ta yi 'yar wuntsila, ta ɗauki wata hanya. Cikin shidan nan nawa, biyu kaɗai ke tafiya ta gaskiya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ban shiga ɗakin gwaji ba, karatu na yi. Wutsiyar bakteriya ba kaɗawa take yi kamar ta kifi ba, juyawa take yi kamar farfela, da ɗan inji a gindinta cikin fatar ƙwayar. A farkon shekarun 1970 aka tabbatar da haka, kuma Howard Berg na cikin waɗanda suka yi aikin. Shi ne ma ya bi sawun E. coli a 1972 ya nuna wannan tafiya ta gudu da wuntsila da na gani ranar Laraba. Ƙwayar ba ta da ido, ba ta san gabas ba ta san yamma ba. Dabararta ɗaya ce: in ta ji ƙanshin abinci yana ƙaruwa sai ta tsawaita gudun, in yana raguwa sai ta wuntsila da wuri ta gwada wani ɓangaren. Da wannan lalube take isa inda take so.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne aikin da aka yi a Jami'ar Umeå ta ƙasar Suwidin, aka buga a 1996, a kan Vibrio anguillarum, mai kashe kifin ruwan gishiri. Sun lalata mata hanyar bin ƙanshi, suka zuba ta a ruwan da kifi ke ciki: sai da aka ninka yawanta ƙwarai kafin ta iya kama kifin. Amma da suka yi wa kifin allurar wannan gurguwar ƙwayar a ciki kai tsaye, ta yi ɓarna kamar lafiyayyiya. Wato tafiyar don isa jikin kifin ce da samun mashiga. In ta riga ta shiga, wasu makaman take amfani da su.

Na karanta wa Kawu wannan da daddare muna shan shayi. Ya ce, "To ai ɓarawo ma ƙafa yake bukata ya zo gidanka. In kai ka ɗauko shi a mota ka shigo da shi, me zai yi da ƙafa?" Na rubuta wannan a bayan littafi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Gwajin aga mai laushi. Aga gari ne da ke daskarewa in an dama shi, a kansa ake shuka bakteriya. A wannan gwajin ana dama shi ruwa-ruwa, giram 0.3 a cikin mililita 100, a soka allura mai ɗauke da bakteriya a tsakiya. Mai iyo za ta bazu ta yi gajimare, maras iyo ta tsaya a layin allurar. Na shirya kwalabe 12.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Duk goma sha biyun sun tsaya a layi, har da E. coli da na san tana iyo. Na koma lissafina, ashe ma'aunin da na yi amfani da shi ba ya auna ƙasa da giram ɗaya daidai, na zuba aga ya ninka abin da ake bukata. Ya daskare kamar alkaki, ina ƙwaya za ta ratsa? Dole in dama lita guda gaba ɗaya don awon ya fito daidai, in raba da wasu ɗalibai biyu. Kwana biyu da garin aga na N2,500 sun tafi.

Litinin, 17 ga Fabrairu

An sake. Ruwan tanki ya kai 23 da safe.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Wannan karon ya yi. Samfur uku daga fatar kifi sun bazu sun cika kwalba cikin kwana guda. Biyu daga cikinsu sanduna ne gajeru, jan launi suka ɗauka a rinin Gram da ake rarrabe bakteriya da shi, gwajin neman sinadarin oksides a jikinsu ya nuna e, kuma sun narkar da jini kewaye da su a farantin jini. Duk alamun bakteriyar da ake kira Aeromonas ne. Malam ya ce in rubuta "ana kyautata zaton Aeromonas" har sai an yi gwajin DNA, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihuna a yanzu. Abin lura shi ne daga lafiyayyen kifi na same su. Aeromonas hydrophila mazauniyar ruwan daɗi ce, tana kududdufi, tana dam, tana hanjin kifin ma. Ba baƙuwa ba ce da za a ce wani ya kawo ta. A cikin ruwa da wutsiya guda take iyo, wadda ke ƙarshen jikinta. In ta sauka a kan abu mai danshi, wasu nau'o'inta kan tsirar da ƙarin wutsiyoyi ta gefe su riƙa malala a gungu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Faranti huɗu sun lalace. Wata ƙwaya ta malale su baki ɗaya, zobe a kan zobe kamar an jefa dutse a kududdufi, ga wari. Baba ya ce Proteus ce, kuma laifina ne da na bar farantan da danshi a fuska. Na ɗauki hotonta duk da haka, don ban taɓa ganin malalar bakteriya da ta fito fili kamar wannan ba.

Asabar, 1 ga Maris, 1 ga Ramadan

An ɗauki azumi. Aikin ɗakin gwaji zai koma safe zuwa azahar. Ruwan tanki 27. Kifi ya buɗe ciki, Kawu ya sayi buhun abinci biyu.

Laraba, 5 ga Maris

Gwajin bin yauƙi, wanda shi ne zuciyar aikin. Tarwada ba ta da ɓawo, yauƙin jikinta ne rigarta, kuma yana ɗauke da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta. Amma yauƙin nan abinci ne ga bakteriya, ƙanshinsa ma shi ke kiranta. Na bi hanyar da Julius Adler ya fito da ita a shekarun 1960: a cika siririn bututun gilashi da abin da ake zaton yana jan ƙwaya, a tsoma bakinsa a ruwan da ƙwayar ke iyo na awa guda, a fitar a shuka abin da ya shiga a ƙirga.

Ɗibar yauƙin ita ce wahala. Na sa kifi cikin farar leda da ɗan ruwan gishiri, na riƙa shafa shi a hankali ta bayan ledar na kusan minti ɗaya, na mayar da shi tanki. Na ukun ya buɗe ƙayarsa ta gefe ya huda ledar ya soke ni a tafin hannu. Wanda tarwada ba ta taɓa soka ba, ba zai gane ba. Inna ta sa mini hannun a ruwan ɗumi tana faɗa, "Kai da ka ce likitan kifi za ka zama, ga shi kifi ya fara yi maka allura."

Bututun da na saya na awon jini ne. Mai kanti ya ba ni masu jan baki, waɗanda ke da maganin hana jini daskarewa a ciki. Masu shuɗin baki ake so, marasa komai. Sai da na koma Sabon Gari na canza. Bututu N3,000, matatar sirinji guda biyar N7,500.

Juma'a, 7 ga Maris

An ɗauke wuta tun daren Laraba, inkubeta, akwatin ɗumin da ake ajiye farantan a ciki, ta mutu, janareto babu mai. Na tsorata, amma ɗakin kansa yana tsakanin 29 da 31, wanda ya yi wa Aeromonas daidai. Farantan sun tsiro a kan tebur. Sai dai zafin bai tsaya wuri ɗaya ba, don haka wannan zagayen gwaji ne kawai, ba zai shiga rahoto ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Kawu ya tance kifin tanki na ɗaya da na biyu, wato ya ware su bisa girma, don manya sun fara cin ƙanana. Ban nan, na je ta'aziyya Gwale. Yaransa biyu suka yi aikin da rana tsaka, da azumi a bakinsu, da tsohuwar raga mai kaushi da kwandon roba. La'asar ta yi ba su kai ga tanki na uku ba, aka bar shi sai wani lokaci.

Laraba, 12 ga Maris

Kawu ya buga mini waya bayan sallar asuba. "Dakta, zo ka gani, abin bara ne ya dawo." Matattu 7 a tanki na ɗaya, 4 a na biyu. Na uku ko ɗaya. Ruwa 30.

Na zauna a kan bokiti na duba su ɗaya bayan ɗaya. Ciwo iri biyu ne. Wasu cikinsu ya kumbura, gindin fiffikensu ya yi ja, ga gyambo mai zurfi a gefe. Wasu kuma fari-fari ne ya hau gadon bayansu ya sauko gefe biyu kamar an ɗora sirdi, gashin bakinsu ya gutsure, jan naman numfashinsu ya yi dabbare-dabbare ruwan ƙasa. Kusan kowanne in ka duba da kyau akwai ƙujewa a inda ciwon ya fara, layi-layi irin na raga.

Na kankaro gefen farin tabon na wani da bai mutu ba tukuna, na sa a ƙanƙara, na kama adaidaita. A ƙarƙashin maikiroskof na ga abin da sai a hoto nake gani: dogayen sanduna sirara kamar zare, sun taru sun tsaya cirko-cirko kamar damin kara da aka jingina a gona bayan kaka. Da na ƙura ido, sai ga su suna lanƙwasa, suna silalewa a hankali a kan gilashin, gaba da baya. Wannan ita ce siffar Flavobacterium columnare, wadda H. S. Davis ya fara bayyanawa a 1922 a kifayen kogin Misisifi na Amurka, kuma daga wannan tsayuwa tata kamar ginshiƙi sunan ya samo asali. Ba ta da wutsiya ko ɗaya. Jan ciki take yi: wasu sunadarai masu danƙo suna zagaya fatarta kamar bel na injin niƙa, su kama abin da take kai su tura ta gaba. Na kira Baba, ya duba ya daɗe, ya ce, "To wannan ta je wani wuri."

Masu bincike a Jami'ar Wisconsin da ke Milwaukee sun cire mata wani ƙwayar gado mai suna gldN, sai ta daina jan ciki kuma ta daina kashe kifi. Amma akwai sarƙaƙiya: injin da ke tafiyar da ita yana haɗe da wanda take fitar da sunadaranta masu cin nama, don haka lalata ɗaya ya taɓa ɗayan.

Alhamis, 13 ga Maris

Matattu 15. Mun yi sa-in-sa da Kawu. Ya sayo kafso ja da rawaya zai farfasa cikin ruwa, kuma maƙwabcinsa ya ba shi shawarar ganyen shuwaka. Na ce, "Kawu, don Allah ka yi haƙuri ka ba ni kwana biyu." Zuba kafso a lita dubu da ka, ba awo, ba ya kai ƙarfin da zai yi magani, sai dai ya koya wa ƙwayoyin jurewa, ga kuma kifin mutane za su ci. Ya ce kifinsa ne ke mutuwa ba takardata ba. Gaskiyarsa. A ƙarshe muka tsaya a kan haka: a sauya rabin ruwa safe da yamma, a tsayar da abinci kwana biyu, a yi wa tankunan rumfa da zana, a zuba gishiri giram 3 a kowace lita, wato kilo 3 a tanki, a mayar da gwargwadon wanda ya fita duk sauyin ruwa. Columnare ba ta son gishiri, yana rage mata mannewa a jikin kifi. Aeromonas kuwa wannan ɗan gishirin ba ya damunta, na faɗa masa haka tun farko. Masu kumburin ciki muka ware su a baho, ya kira likitan dabbobi ya rubuta maganin da za a gauraya da abinci bisa nauyin kifin.

Gishiri N4,200, zana biyu N5,000, ruwan 'yan garuwa N3,600 don bohol ba wuta.

Asabar, 15 ga Maris

Matattu 6.

Talata, 18 ga Maris

Matattu 1, jiya babu. Jimilla 43 daga tanki biyu. Tanki na uku, mai shan ruwa ɗaya da cin abinci ɗaya da sauran, bai rasa ko guda ba, alhali daga fatar kifinsa na fitar da ɗaya daga cikin Aeromonas ɗina a Fabrairu.

Farar cutar ta ƙi tsirowa a farantin da muka saba. Abinci mai ƙarfi ba ya karɓarta, sai mai rauni. Na shirya wani da ɗan kaɗan na sinadarai, amma samfurin ya riga ya kwana biyar, wasu ƙwayoyi suka rufe ta. Ba ni da ita a hannu, sai hoto da ɗan bidiyon da na ɗauka da waya ta bakin maikiroskof.

Alhamis, 20 ga Maris

Na kai wa Malam labarin tankunan ina ɗoki, na ce ga hujja ta fito: raga ta kankare yauƙi ta buɗe fata, ƙwaya ta samu mashiga ba tare da wahalar nema ba. Ya saurara har na gama. Sai ya ce abin da na gani ba gwaji ba ne, tsautsayi ne. Kifin da aka tance ya sha zafin rana, ya sha cunkoso a kwando, ya firgita, kuma firgici kaɗai yana karya garkuwar jikin kifi. Ta yaya zan raba ƙujewa da waɗannan? Ya ƙara da cewa in je in yi tunani a kan Aeromonas salmonicida, wadda ba ta iyo amma tana hallaka kifin salmon a Turai, da Streptococcus mai kashe karfasa, ita ma ba ta motsi. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, to ke nan taken nawa ya rushe?" Ya ce bai rushe ba, ya dai rage kumburi.

Na fito raina a ɓace, amma a hanya na yarda. Ruwan tanki yana yawo, kifi yana gogar juna, yana cin gawar ɗan'uwansa. Ƙwayar da ba ta tafiya ma ana kawo ta har gida. Duk da haka ina nan a kan cewa ragar nan ce ta jawo mana, ko da ba zan iya rubuta haka a babi na huɗu na rahoton aikina ba.

Laraba, 26 ga Maris

An gama zagaye uku na gwajin bututu, wuta ta tsaya. A dukkan ukun, bututun yauƙi ya tara ƙwayoyi fiye da na ruwan gishiri zalla: sau huɗu, sau shida, sau uku da ɗoriya. Klebsiella da na sa don kwatance, maras motsi, kusan daidai ta shiga bututun biyu, kaɗan-kaɗan. Zagaye uku ba su da yawa, kuma na biyun wasu farantan sun cika har ƙirga ta yi wuya. Malam ya ce in ƙara uku bayan Sallah.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Ban taɓa komai ba sai sauyin ruwa da yamma.

Asabar, 5 ga Afrilu

An tance tanki na uku yau bayan asuba, ruwa na 28. Na sayo sabuwar raga mai laushi marar ƙulli N6,500, Kawu ya biya rabi. Baho da ruwa a ciki maimakon kwando, kifi goma-goma, gishiri a tankin da aka mayar da su. Minti arba'in aka gama. Kawu ya tsaya yana kallo da hannu a baya, ya ce wa yaransa, "Ku riƙe shi kamar ƙwai, Dakta na rubutawa."

Asabar, 12 ga Afrilu

Mako guda da tancewa, mutuwa ɗaya, shi ma tsalle ya yi ya faɗo waje da dare. Ruwa ya kai 32 da la'asar duk da rumfa.

Jimillar abin da na kashe na kuma rubuta a littafin nan zuwa yau N48,550, ban da kuɗin mota. Saura: zagaye uku na bututu, wannan karon har da yauƙin hanji don in gwada shi da na fata, gwajin aga mai laushi a digiri 22 da 30 in ga ko zafi yana ƙara saurin bazuwa, da neman wanda zai haɗa kuɗi da ni mu aika samfur biyu gwajin DNA. Farantan abinci mai rauni guda shida suna firji a naɗe, ko farar cutar za ta sake ɓullowa a wani gidan. Na bar lambata a wajen masu sayar da abincin kifi biyu a unguwa. Litinin ƙarfe takwas zan ɗebi yauƙi, na kuma sayi safar hannu mai kauri.